Anti Sala Da Baƙinta Ƴan Zambiya

Duk wanda ya tashi a Zangon Kumasi ya san gidan marigayi Alhaji Abukari, mai shuɗiyar ƙofa bayan masallaci, inda fataken goro ke sauka tun zamanin da. To a nan aka haifi ƴarsa, Anti Sala. Baƙo in ya sauko daga mota bai san kowa ba, masu turoturo, motocin haya, da kansu za su ce masa je ka gidan Abukari. A ba shi tabarma, a ba shi tuwo, kwana uku ba mai tambayarsa ko sisi. Haka Sala ta taso, ba ta ma san ana cin abinci da ƴan gida kaɗai ba.

Da Alhaji ya rasu abubuwa suka yi tsauri, Sala ta sayar da wache, wato shinkafa da wake, a unguwar Adum ta gaji, sai wata ƴar'uwa ta ja ta ƙasar Sifen, zuwa wani gari a bakin teku kusa da Almeriya. Wanke-wanke take yi a gidan abinci. Shekara bakwai ba ta leƙo gida ba, don ba ta da takardar zama, in ta fito ba komawa. Mma Zuleha, mahaifiyarta, idanunta sun fara rufewa, kullum a waya maganar ɗaya ce, "Sala, ki zo in gan ki tun ina gani."

Takardar kuwa sai ka nuna gidan da kake zaune, kuma ba kowane mai gida ke yarda ya sa sunan baƙo a rubuce ba. Sala ta yi sa'a ta samu wata tsohuwa, Madam Enkarna, ta ba ta ɗaki a saman bene ta sa sunanta. Amma da sharaɗi, ba baƙon da zai kwana mata a gida, ta taɓa korar wani a kan haka. Saura wata huɗu Sala ta shigar da takardunta abin ya faru.

Ranar Juma'a ce da rana tsaka, watan Nuwamba, ta taso daga aiki sai ta ga mata biyu baƙar fata zaune kan akwati a tashar bas, ɗaya na share hawaye. Ta wuce, wallahi ta wuce, ta yi taku goma ƙafa ta ƙi tafiya. Ta dawo ta gaishe su da Turanci. Ashe malaman makaranta ne daga Zambiya, Mutinta da Bwalya. Ƙasarsu ba teku, shekara biyu suna adashi don su zo su ga teku da idonsu, suka zaɓi Nuwamba don lokacin jirgi ya fi araha kuma rana na nan. Ɗakin da suka biya ta waya kuwa, da suka isa adireshin, shagon gyaran taya suka tarar.

Sala ta ɗauki akwati ɗaya ta ɗora a ka. "Ku taso mu je."

Bwalya, mai jiki, ta riƙe jakarta gam. "Nawa za mu ba ki?"

"Ba komai."

"Ba komai? Mutinta, zauna. Wanda ya ce araha ya cuce mu, ina ga wanda ya ce kyauta?"

Sala ta fashe da dariya har akwatin ya kusa faɗuwa. "Ƴar'uwa, dube ni da kyau, in na sace ki ina zan iya ɗaukarki?"

Suka bi ta. Ta lallaɓa da su sama lokacin da Madam ke barcin rana, ta bar musu gado ita ta yi shimfiɗa a ƙasa, ta tuƙa tuwon masara da miyar ayoyo busasshe da Mma ta aiko mata. Mutinta ta kai loma ɗaya ta rufe ido ta ce wannan ai nshima ce, abincin gidansu sak. Washegari ta kai su teku ta hanyar da ƴan gari ke bi a ƙafa, ta nuna musu kasuwar kifi inda ake karya farashi in azahar ta yi. Bwalya ta shiga ruwa da zaninta ta ɗanɗana ta tofar tana ihu, "Da gaske gishiri ne!"

To ga inda Sala ta yi kuskure. A gidansu ba a shiga ɗaki da takalmi, abin ya bi jininta, ko tunani ba ta yi ba ta sa baƙin suka tuɓe nasu a bakin ƙofa, a waje. Ranar Lahadi da hantsi Madam Enkarna ta hau sama yin shanya, ta tsaya ta ƙirga takalman. Ta buga ƙofa da sandarta.

"Sala, ƙafa nawa gare ki?"

Sala ta ga takarda ta tafi, ta ga Mma zaune a tsakar gida tana jira. Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta. "Madam, baƙi na sauke. An cuce su ne, ba su da wurin kwana."

"Litinin ki kwashe kayanki."

Bwalya ba ta jin Sifananci amma ta ga fuska. Ta matso ta ce Sala ta tambayi tsohuwar, ɗakunan nan uku na ƙasa da ke kulle, na waye? Sala ta fassara. Madam ta ce na masu yawon bazara ne, da sanyi ba mai zuwa.

"Sanyi?" in ji Bwalya. "Wannan ranar ce sanyi? Ki gaya mata mu arba'in ne a adashinmu, duk malamai, kowa so yake ya ga teku, otal ne ya fi ƙarfinmu. In za ta sassauta mana, ba za ta sake kulle ɗakin nan ba. Mu ma yau mu sauko mu kama ɗaya."

Madam ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita ta tsufa, wa zai tarbo su, wa zai dafa musu, wa zai ji yarensu? Mutinta ta nuna Sala da cokalin da ke hannunta. Tsohuwa ta leƙa tukunya ta yamutsa fuska ta ce mene ne wannan kore mai yauƙi, ta sauka abinta. Litinin ta zo ta wuce, ba ta ce a fita ba.

Kafin Kirsimeti wasu huɗu suka iso daga Lusaka, bayansu shida, har da wani hedimasta da ya zo da garin masararsa a akwati. Sala ce mai tarbo su a tasha, ita ce mai gaya musu bas ɗin da za su hau daga filin jirgi kada su yi asarar kuɗin tasi. Madam da ƙafarta ta raka Sala ofishin takardar zama, ta sa hannu cewa ma'aikaciyarta ce. Takarda ta fito bayan ƙaramar salla, Sala ta yi sujada a kan titi mutane na kallo.

Watan jiya ta sauka a Zango. Tasi bai gama tsayawa ba mata suka ɗau guɗa, layi ya cika, masu shago suka bar shago. Mma Zuleha na zaune kan kujerarta, ido ɗaya ya tafi amma ɗayan na ɗan gani. Ta ce a matso mata da ita wajen haske. Sala ta durƙusa, Mma ta kama fuskarta da hannu biyu ta daɗe tana dubawa tana alhamdulillahi.

Sannan ta ce, "Ke, Turai ba abinci ne? Ku zubo mata tuwo, ku cika kwanon."