Maraƙar Dakta Rabi

A duk shekarun da na yi ina malamin dabbobi, akwai rana ɗaya da har yau ba ta bar raina ba, wato ranar da karsanar Malam Haruna ta kasa haihuwa a rugarsu da ke bayan Toranke.

Lokacin ina ƙarƙashin Dakta Rabi, likitar dabbobin da aka turo mana Ajingi. Aikina riga-kafi da wankin kaska, ita kuma tiyata da duk wata babbar shawara a hannunta suke. Mace ce mai son bincike, babban burinta kuma ta samar da saniyar da za ta jure zafinmu, ta kuma ba da nono kamar na shanun Turai. Hanyar ita ce a ɗura wa saniya irin bijimin waje da bututu, ba tare da barbara ba. Makiyaya duk suka ƙi, sai Malam Haruna kaɗai ya ba da karsanarsa.

Na faɗa mata karsanar ta yi ƙanƙanta. Ta ce ita ma ta gani, amma idan ta tsaya jiran babbar saniya, ba mai ba ta.

Da watannin suka cika, aka kira mu da hantsi. Muka hau babur daga Ajingi, muka tarar karsanar kwance tana nishi. Ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta. Dakta ta yi mata allurar kashe zafi, ta tsaga cikin, muka zaro maraƙa da ranta, ƙatuwa, baƙa da fari dabbare-dabbare. Uwar dai jini ya ƙi tsayawa, dole aka yanka ta kafin la'asar.

Ba wanda ya matso kusa da maraƙar. Matan rugar suna leƙe daga nesa, wata tana cewa wannan ba jinin garkensu ba ce. Malam Haruna ya ce, “Likita, ɗauki abarki. Ba na son ganinta.”

Dakta ta durƙusa ta ce, “Baba, ka yi haƙuri. Gaggawata ce ta jawo maka wannan, ba wani abu ba.”

A hanya na ce mu kai maraƙar mahauta kowa ya huta. Ta ce, “Malam Isa, ina jami'a na karanta wani tsohon littafin Turawa, labarin masanin da ya harhaɗa wata halitta, da ta buɗe ido ya tsorata ya gudu. Duk ɓarnar da ta biyo baya daga gudun nan ta faro. Ni na jawo wannan, ni zan riƙe ta.”

Haka aka yi. A bayan ofis ta yi mata rumfa, tana ba ta madara a bulumboti. Maraƙar ba ta jure rana, kaska kuma ta kwantar da ita har muka fid da rai. Dakta ba ta gaji ba. A taron shiyya kuma, gaban manyanmu, ta miƙe ta faɗi abin da ya faru ba ta rage komai ba, ta nemi a hana yi wa karsanar da ba ta taɓa haihuwa ba irin wannan ɗuri. Aka amince.

Da maraƙar ta girma ta haihu, Dakta ta sa na kora ta da ɗanta zuwa rugar. Malam Haruna ya zagaya ta, ya shafa hantsarta. Sai ya ce, “Ka gaya wa 'yata Likita ta zo ta sha nono.”

Ku da kuke shigowa aikin nan da sababbin dabaru, ban ce ku daina gwaji ba. Amma na ga masu ilimi da yawa da gwajinsu ya lalace suka nemi canjin wurin aiki. Ita ta zauna, kuma har na yi ritaya babu rugar da ke rufe mata hanya.