Masarar Baba Tanko da Zaren da Ya Cukurkuɗe

Har in bar duniya ba zan manta da ranar da muka je Ruwan Godiya ba. Lokacin kuɗin mai na malala, manya na sauya motoci, ni kuwa ina nan a matsayin da aka ɗauke ni, mataimaki a ɗakin gwaji na wata jami'a. Aji uku na tsaya a sakandare, don haka wanke kwalabe da tuƙi su ne rabona. Ku sababbi, ku saurara.

Dakta Hajara ce shugabata. Aikinta a kan wani siririn zare ne da ido ba ya gani, wai shi RNA. Irin wanda ta ƙera, aftama ake kiransa. In ya naɗe daidai, yakan yi ɗan aljihu wanda ƙwayar abu iri ɗaya kaɗai ke shiga. Da ta shiga sai zaren ya tsuke a kanta, siffarsa ta canja, ruwan kwalbar ya yi kore in an haska shi da shuɗiyar fitila. Nata zaren, dafin da funfuna ke bari a hatsi yake kamawa.

Daga Faskari aka aiko. Kajin wani dattijo na Ruwan Godiya, Baba Tanko, sun mutu, jikokinsa kuma na ta ciwon ciki, ana zargin masarar da ruwan ƙarshen damina ya taɓa kafin a zuba ta a rumbu. In da dafi, abincin shekara ya tafi. In aka ce babu alhali akwai, yaran za a ci gaba da ɗura wa.

Daga Sabuwa muka taso, mota ta kafe a laka, rana ta dafa mu, akwatin sanyin da muka sa zaren a ciki ya koma kamar murhu. Haka muka isa.

Dakta ta jiƙa garin masarar, ta tace, ta ɗiga a kan zaren. Muka toshe ƙofar zaure da tabarma, na haska. Ba komai.

Malamin gona da ya rako mu ya kaɗe rigarsa. "To madalla. Baba, masararka lafiya lau. Dakta, mu tafi, ciyaman na jirana."

Baba Tanko ya yi dariya har da tafi. "Aradu na faɗi! Mi zai sami masarata?"

Dakta ta ciro wata kwalbar. Ƙa'idar aikin ita ce, duk gwaji sai an haɗa da kwalbar da mu muka zuba wa dafi da hannunmu. Na haska ta. Ita ma ba komai.

"Malam Sule," in ji ta, tana kallona, "zaren bai ce babu dafi ba. Zafi ya warware shi, ya koma ya cukurkuɗe. Ba aljihun da zai kama komai."

"Haba Dakta," in ji malamin gona, "tsoho ya riga ya yi murna. A bar shi mana."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, makullin mota na aljihuna. In kana sauri, ga hanya nan."

Dakta ta ce in dai zaren bai tsinke ba, ana iya gasa shi a ruwan zafi ya miƙe, a ƙara masa wani gishiri da ta zo da shi, a bar shi ya huce sannu sannu ya naɗe daidai. Injin da ke wannan yana can jami'a. Na shiga cikin gida na roƙi Inna, matar Baba, tukunya da murhu. Dakta na riƙe da ma'aunin zafi tana cewa ƙara, rage, ni ina tura kara ina janyewa, hayaƙi na cin idona. Aka sauke tukunyar ta huce da kanta, sannan muka jingina kwalaben da jikin randa.

Muka sake toshe zaure. Kwalbarmu mai dafi ta yi kore. Na haska ta masara. Kore shar.

Baba Tanko ya daɗe yana kallo. "Ɗiyata, wannan zaren naki, ɗazu ya ce a'a."

"Ɗazu barci yake, Baba. Yanzu ya farka."

"To a tambaye shi dawata."

Muka gwada dawar ɗaya rumbun. Ba ta yi kore ba, tamu kuwa na nan tana haske a gefenta. Tsohon ya miƙe, ya sa aka kwashe masarar zuwa bayan gari, shi ya ƙyasta ashana da hannunsa. Bai yi mana godiya ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Da aka rubuta aikin, sunana bai fito ba, ƙarin girma ma har yau shiru. Na daina jira. Amma ga abin da na ɗauko daga zauren nan: in kwalba ta yi shiru, kada ka ce lafiya sai ka tabbatar tana iya magana. Kuma duk wanda ya fi kowa saurin cewa lafiya lau, ka duba, ba shi zai ci tuwon ba.