Neman Gero a Birnin Jodhpur

A shekarun farin nan da gulbi ke ƙafewa tun kafin kaka, ina aikin malamin gona a ƙasar Sabon Birni. Kullum in hau babur in zaga Tsamaye da Gatawa da Unguwar Lalle, wai in koya wa manoma dabarun shuka. To me za ka koya wa mutumin da ya yi shuka ta ƙone, ya sake ta ƙone, har irin ya ƙare? Sai dai mu zauna gindin bishiya mu zuba wa gabas ido tare.

Ana cikin haka ofishinmu ya tura ni Indiya kwas, a kan irin gero mai jure fari. A bayan garin Haidarabad aka ajiye mu, cikin wata makekiyar gona mai shinge. Gero kam mun gan shi iri-iri, kowane layi da allonsa, amma a ɗakin cin abinci shinkafa ce da gurasar alkama safe da yamma. Wata rana na tambayi malaminmu, wani dattijo mai farin gashi, ko su waye ke cin wannan geron da ake ta wahala a kansa. Ya ce mutanen arewa maso yamma, can bakin hamada wajen birnin Jodhpur, inda ruwan sama bai kai namu ba. Ya ce bajra suke kiransa. Na ce yaya suke dafa shi? Ya yi dariya ya ce shi mutumin kudu ne, ɗan shinkafa, bai taɓa zama ya ci ba.

Maganar ta tsaya mini a rai. Da aka gama kwas akwai 'yan kwanaki kafin jirginmu ya tashi. Abokan tafiyata suka shirya shiga kasuwa sayen yadi da turare na tsaraba. Na ce musu, "Ni za ni Jodhpur."

Ɗayansu ya ce, "Wurin wa?"

Na ce, "Wurin masu cin gero."

Suka ce rana ta taɓa ni. Na sayi jakar goyo, na cusa kaya kala biyu da buta da darduma da bargo, na nufi tashar jirgin ƙasa.

Tafiyar ta yi tsawo har ƙuguna ya ƙage. Amma a hankali kore ya riƙa janyewa, ƙasa ta koma rairayi, itatuwa suka koma masu ƙaya. Na ga raƙuma na jan amalanke, na ga awaki na miƙa wuya suna cizgar ganye. Da na hango tumfafiya a bakin layin dogo sai da na miƙe tsaye na leƙa taga sosai. Ita ce, da faffaɗan ganyenta mai toka-toka, kamar wadda ke bayan gidanmu.

Na sami ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da tasha, na ajiye bargo, na goya jakata na fita. Kasuwar garin ta kewaye wata doguwar hasumiya mai agogo. Shanu na yawo tsakanin mutane babu mai kora, masu kayan yaji sun tara su tsibi-tsibi, ja da rawaya, ƙamshinsu na sa atishawa. Na tarar da wani mutum yana suya a ƙaton kasko, abin ya yi kama da ƙosai sai dai dogo ne. Na nuna da yatsa, ya naɗo mini ɗaya a takarda. Ashe barkono ne ɗungurungum aka cusa wa dankali aka tsoma a ƙullu. Cizon farko daɗi, na biyu hawaye. Mai suyar ya tausaya mini, ya nuna mini wata rumfa a ƙofar kasuwa inda ake sayar da kindirmo mai kauri da sukari, an ɗora masa curin man shanu a kai, sai da cokali ake shansa. Shi ya kashe wutar.

Duk inda na ga hayaƙin abinci sai in tsaya in ce, "Bajra?" Wasu su kaɗa kai, wasu su nuna mini gurasar alkama. Wani mai gidan abinci da ke jin Turanci ya ce mini, "Wannan abincin ƙauye ne, ba a ba baƙo. Zauna in kawo maka abu mai kyau." Na zauna na ci abu mai kyau, na yi godiya, na fita na ci gaba da tambaya.

Washegari na hau zuwa tsohuwar fadar garin, wadda aka gina bisa wani dutse, ganuwarta kamar daga jikin dutsen ta tsiro. Hanyar tana da tudu, jakar ta yi mini nauyi, na riƙa tsayawa ina haki. Daga sama gari duka ya shimfiɗu a gabana, gidajen tsohuwar unguwa an shafe su da shuɗi, kamar an kifar da tukunyar baban rini a kansu. Turawa masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoton manyan bindigogin da ke jere bisa ganuwa. Ni kuwa idona ya wuce gari ya faɗa bayansa. Fili ne ja fetal har iyakar gani, babu ɗigon kore. Su ma ruwa ya yi musu rowa a shekarar. Da na sauko na bi ta wata rijiya mai faɗin fili, wadda aka yi wa matakala ta kowane gefe har ƙasa. Na sauka ina bin alamun da ruwa ya bari a jikin dutse shekara da shekaru. Can a gindi ne kawai ɗan ruwa kore ya rage, tantabaru na sha.

Daga nan cikina ya juya. Ban san ko barkonon ne ko ruwan da na sha a hanya ba. Na kwanta a ɗaki ina zarya tsakanin gado da bayan gida. Mai masaukin ya kawo mini shinkafa mai ruwa-ruwa da nono, ya ce gara in koma inda na fito tun da sauran ƙarfina. Na ce masa na gode, amma ban ci abin da ya kawo ni ba tukuna.

Ranar Juma'a na sami ƙarfin fita. Na bi masu fararen huluna har masallaci. Bayan an sallame, mutumin da ke gefena ya miƙo mini hannu, na ga tafinsa ja wur har wuyan hannu. Marini ne. Ya taɓa aiki a Jidda, saboda haka yana da ɗan Larabci, ni ma ina da nawa na makarantar allo da na littattafai, muka haɗa da guntun Turanci muka fahimci juna. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni garinsu. Na gaya masa.

Ya kama haɓa. "Ka tsallako teku don abincin da 'ya'yana ke gudu?"

Na ce, "Shi nake nema."

Ya ce, "To tashi mu je, tsohuwata ba ta cin komai sai shi."

Gidan yana cikin wani lungu, tsakar gida cike da yadudduka ja da rawaya da aka shanya a igiya. Mahaifiyarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai awarwaro har gwiwar hannu. Da ɗanta ya gaya mata buƙatata ta dube ni sama da ƙasa, ta hura wuta da busasshen kashin shanu. Ta zuba garin gero a tasa, ta kwaɓa da ruwan ɗumi kaɗan kaɗan, tana murzawa da gindin tafin hannu. Sai ta gutsuro curi ta riƙa tafa shi tsakanin tafukanta har ya baje kamar faifai, ta ɗora a kaskon ƙasa. Da ya kama jikinsa ta ɗauke ta jingina shi a bakin garwashi, ya kumbura. Ta huda shi da yatsa ta zuba man shanu, ta ajiye mini da ɓarin mazarƙwaila da dakakkiyar tafarnuwa.

Na gutsura na kai baki. Gero ne, geronmu, da ɗan ɗacinsa da ƙamshin hayaƙi. Na yi ta ci.

Sai ta turo mini wata 'yar tasa mai wani abu baƙi-baƙi, siraran kwasfa da ƙananan 'ya'yan itace, an soya da yaji. Yana da tsami da ɗan bauri, kuma ya dace da gurasar ƙwarai. Marinin ya ce daga itatuwan hamada ake tsinko su, waɗanda ba sa mutuwa ko an shekara ba ruwa. Ya ce 'ya'yan suna da ɗacin da ba a iya ci, sai an jiƙa su ana sauya ruwa kwana da kwanaki. Nan take na tuna anza, 'ya'yan itacen nan namu masu ɗaci. A shekarun nan matan Tsamaye haka suke jiƙa ta suna sauya ruwa, amma a ɓoye, a bayan ɗaki, don kada maƙwabta su san rumbu ya ƙare. Na tambaye shi ko su ma abin kunya ne a wurinsu.

Ya ce, "Kunya? Yunwa ce ta koya wa kakanninmu, gaskiya ne. Amma yanzu ko biki ake yi sai an dafa shi."

Tsohuwar ta ce wani abu, ɗanta ya fassara: tana so ta ji yadda mu muke cin gero. Na kwatanta mata tuwo da miyar kuka, na kwatanta fura da nono. Da ta ji fura sai ta yi dariya har awarwaronta na kaɗawa, ta ce su ma suna dama shi da tsala su sha lokacin zafi.

Na roƙe ta ta koya mini tafa gurasar. Ta miƙo mini curi. Na fara tafawa, ya tsage ya zube a cinyata. Ta ba ni wani, shi ma ya wargaje. Marinin ya ce in bari, ba aikin maza ba ne, shi kansa bai iya ba. Na ce ba za ni tashi ba sai na yi ɗaya. Tsohuwar ta kama hannuwana ta jiƙa su da ruwa, ta nuna mini kada in matsa, in riƙa juya curin a hankali ina bin gefensa. La'asar ta yi kafin in samu wadda ta isa kasko ba ta rabu ba. Karkatacciya ce, gefe ɗaya ya fi kauri. Tsohuwar ta gasa ta, ta gutsuri gefe ta ci, ta gyaɗa kai.

Da na dawo gida na tarar fari na nan yadda na bar shi. Na sami ɗan garin gero na zauna a bakin murhu, matata na kallona tana riƙe baki. Cikin kwana kaɗan hannunta ya fi nawa. Mahaifina ya ɗanɗana ya tauna a hankali, sannan ya ce, "Wagga ba ta kai tuwo ba. Amma ba ta cin ruwa, ba ta cin icce. Abincin tahiya ce."

Haka kuwa ta zama. Ba ta shiga gari ba, gidaje kaɗan ne suka gwada, yawancinsu suka koma ga tuwonsu. Amma lokacin da ƙanena ya yanke shawarar kora 'yan shanun da suka rage mana zuwa kudu neman ciyawa, matata ta wuni tana tafa gurasar, ta naɗe masa a tsumma tare da ƙullin barkono da gishiri. Na raka shi har bayan garin Isa. Ya rataya ƙunshin a sandarsa, muka yi sallama, ya bi bayan shanun.