Rabin Kai da Kitse, Rabi da Man Kaɗe

Ban cika arba'in ba sanƙo ya cinye mini tsakiyar kai. Da na ga babu sauran abin gyarawa, sai na koma ƙwal-kwabo duk ranar Juma'a. Na daɗe ina zuwa shagon masu kilifa a bakin titin Gesse, unguwar da muke zaune a Birnin Kebbi, kuma duk tsawon lokacin nan ƙeyata ba ta rabu da ƙuraje ba. In hula ta gogi wurin sai in ji kamar an watsa mini barkono. Daga baya na koma wurin wanzamin unguwa, mai aska da ruwa. Ƙurajen suka ragu, sai dai sabulun wanki da yake shafa mini yana busar da fata, in tashi kaina ya yi furu-furu kamar an barbaɗa gari.

Ana nan sai ƙanena da ke karatu a ƙasar waje ya zo hutu. Ya san damuwata, don haka tsarabata ta zama buroshi mai laushi da gwangwani biyu na sabulun aski. Ya nuna mini rubutun da ke jikinsu. Ɗaya da man itatuwa zalla aka yi shi, saboda a can akwai mutanen da ba su cin nama, ba su shan nono, ko sabulu ba su so a sa musu abin dabba. Ɗayan kuwa da kitse aka yi, kuma ya ce masu sha'awar aski a can suna rantsuwa babu kamarsa wajen santsi. Na jiƙa buroshin nan, na murza a kan na itatuwa, kumfa ta taso fara sol mai kauri kamar kindirmo. Na yi ta dariya ni kaɗai a tsakar gida. Maiɗakina ta leƙo daga kicin ta ce ko lafiya.

Murna ta sa na kwashi kayan na kai wa Yaya a Nassarawa ya gani. Yaya shi ne babban wanmu, shi ya gaji karatun mahaifinmu, yana ba da darasi a zaure bayan la'asar. Ya buɗe na kitsen, ya sansana, ya yaba ƙamshin, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Kitsen wace dabba na?"

Na ce, "An ce na sa ne, Yaya."

"An ce. To wa ya yanka san?"

Na ce ban sani ba. Ya ce shi ba zai ce haramun ba ne kai tsaye, domin malamai sun yi magana a kan kitse idan ya rikiɗa ya zama sabulu, kuma ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. Amma shi kam, kan da zai kai ƙasa a sujada bai son ya shafa masa abin da zuciyarsa ke ɗar-ɗar da shi. Ya rufe gwangwanin ya miƙo mini. Washegari na kai shi ofis na ba wani abokin aikina Kirista, ya karɓa da godiya. Bayan ɗan lokaci ya tare ni a baranda yana shafa haɓa, ya ce bai taɓa jin aski mai daɗi irin wannan ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na itatuwan ya yi mini kyau ƙwarai har ya ƙare, amma kullum ina tunanin wane irin santsi ne wannan da na bari ya wuce ni.

Babbar Sallah ta zo cikin damina. Mu 'yan'uwa muka haɗu muka yi layya da sa, Yaya da kansa ya yanka. Ina tsaye ana fiɗa, mahauci ya ciro kitsen da ke lulluɓe da ƙoda, fari ƙal, yana tururi. Nan take abin ya faɗo mini. Ga kitsen sa, na san san, na san wanda ya yanka shi, a gabana aka ambaci sunan Allah! Na ce a ware mini shi gefe. Matan gida suka yi ca, domin da shi suke suyar nama. Maiɗakina ta ce, "Maigida, kitsen layya guda za ka shafe a kai?" Na roƙa, na lallaɓa, har aka raba aka ba ni kasona. Don kada ya lalace, maiɗakina ta narka mini shi a tukunyar da ta gama suya, muka juye a roba ya daskare.

Na san inda zan kai shi. A Argungu akwai ƙanwar kakata, wadda muke kira Kaka, tsohuwa mai ƙarfi da baki, da ta shekara da shekaru tana dafa sabulun salo da man kaɗe. Tun hutun Sallah bai ƙare ba muka ɗauki hanya a mota ni da maiɗakina. Gero ya kai ƙugu a dama da hagu, fadama ta cika da ruwa da shinkafa. Robar kitsen tana kan cinyarta, ni kuwa sai bayani nake yi mata a kan kumfa, har ta ce in bar ta ta ji rediyo.

Kaka na ganina ta fara tsiyar da ta saba. "Lale da angona mai kan ƙwarya! Mi ka kawo wa amarya?"

Na ajiye mata naman Sallah da goro, sannan na turo robar na faɗi abin da ke tafe da ni. Ta buɗe, ta kai hanci, ta ɗago tana dariya har da riƙe ciki.

"Wanga ai miya ta! Albasa, yaji, har da tafarnuwa. In ka shafa shi haka, kyanwowin Gesse duka sai sun rako ka masallaci."

Na ɗauka shi ke nan an yi asarar kitsen. Ta ce in kwantar da hankali, wanke shi ake yi. Ta ce uwarta da kitse take dafa sabulu a zamaninsu, ita ce ta koma man kaɗe don ya fi sauƙin samu kuma mata sun fi son shi. Rabonta da na kitse tun tana amarya. Na ga idonta ya yi haske, ita ma abin ya fara ba ta sha'awa. Ta ce za a dafa tukunya biyu, tawa ta kitse da tata ta kaɗe, a ga wanda zai kunyata.

Aka ɗora kitsen a wuta da ruwa da gishiri. Ya narke ya tafasa, aka sauke ya huce ya taso sama ya daskare, Kaka ta ɗago shi kamar faifai, ta kankare dattin da ke ƙasansa, aka zubar da ruwan aka sake sabo. Haka aka yi ta maimaitawa, ni ne mai hura wuta, itacen damina yana ta hayaƙi, idona na hawaye. Duk sauke tukunya sai na ruga na sansana. A hankali ƙamshin suya ya gudu, kitsen ya koma fari kamar alli, babu warin komai. Na ɗaga shi sama ina nuna wa maiɗakina kamar na ci kofi.

Toka kuwa Kaka tana da ita a buhu, ta karan gero da wani ɗan'uwanmu manomi yake kawo mata daga Augie bayan girbi. Ta zuba ta a tsohuwar tukunya mai huji a gindi, ta kwarara ruwa, ruwan toka yana ɗiga a ƙasa ja kamar shayi. Shi ake dafawa har ya yi kauri, sannan a zuba mai a yi ta tuƙi da muciya. Ta hana ni matsowa da fuska, ta ce ruwan nan yana cin fata. Amma tuƙin tukunyar kitse ni na karɓa. Na tuƙa har kafaɗata ta sage. Abin ya yi kumfa ya taso kamar zai zube, ya koma, ya fara kama muciya, ya yi launin ƙasa-ƙasa. Kaka ta ɗebo ɗan kaɗan ta murza cikin ruwa a tafin hannu, kumfa ta fito.

"Ya zama!" na faɗa da ƙarfi. "Wallahi ya zama sabulu!"

"To da mi kaka jira ya zama, tuwo?"

Na so in tafi da shi a ranar. Ta ce ko kusa, ɗanyen sabulu yana da kaifi, sai ya kwanta ya sha iska, ga shi damina ce abu bai bushewa da wuri. Ta cura su dunƙule-dunƙule, na kitse daban na kaɗe daban, ta jera a faifai ta ɗora a kan rumbu cikin ɗaki. Muka koma Birnin Kebbi hannu wofi. Makonnin da suka biyo baya na dami jikarta da waya. Ya bushe? Ya yi tauri? Ɓera bai taɓa ba? Har Kaka ta karɓi wayar wata rana ta ce in na sake kira za ta wanke tukwane da shi. Na kuma ƙi yin aski, na bar gashin gefe ya taru don a sami abin gwaji, ina ɓoye shi cikin hula.

Ranar da aka ce mu zo, ban iya haƙurin dawowa gida ba. A ƙofar gidan Kaka akwai wani dattijon wanzami da ke zama a rumfa da zabirarsa, tare da tsofaffin unguwa masu hira. Na fito da dunƙule biyu da buroshina, na gaishe shi na zauna a tabarma.

Na ce, "Baba, aski nika so, amma da sharaɗi. Dama da wanga, hagu da wancan."

Ya jujjuya buroshin a hannu, ya shafa shi a kumatunsa, ya ce shi da yatsu ya saba amma zai gwada. Ya wasa aska a kan wata 'yar fata da ya ciro daga zabira, ya jiƙa mini kai da ruwan ɗumi da Kaka ta aiko da shi. Na kaɗe ya fara murzawa a hagu. Kumfarsa ta taso da sauri, mai yawa, mai ɗan ƙamshin hayaƙi. Na kitse ya ɗan yi gardama kafin ya taso, amma da ya taso sai ya zauna daram, mai nauyi, yana sheƙi. Kafin a sa aska rumfar ta cika. Mai shayi ya baro teburinsa, wasu masu babur suka tsaya, Kaka da maiɗakina suna leƙe daga zaure.

Hagu ya tafi lafiya lau, ina jin ƙarar aska tana shan gashi, ƙar-ƙar-ƙar. Da ya koma dama sai ƙarar ta kusan ɓacewa. Aska ta zame daga goshi har ƙeya kamar an ja yatsa a kan tangaran. Tsigar jikina ta tashi.

"Kai!" in ji wanzami. "Nan ba ni ka tura ta ba, ita ka tahiya da kanta."

Na so in yi tsalle, ya danne mini kai ya ce in zauna kada in ja masa abin kunya. Da ya gama ya wanke, sai gardama ta ɓarke. Tsofaffin nan suka riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce "gafara Malam," ya shafa dama ya shafa hagu. Wani ya ce dama ta fi sulɓi. Wani ya ce a'a, hagu ta fi laushi, a duba yadda fatar ta yi sanyi. Mai shayi ya ce shi duka ɗaya ya ji, aka yi masa ihu. Ban taɓa zaton zan zauna a bakin titi mutanen da ban sani ba suna shafa mini kai ina washe baki ba, amma haka aka yi.

Kaka ta aiko a kira ni. Ta shafa da bayan hannu, ta daɗe a hagu, ta ce nata ya ci, kuma duk wanda ya ce ba haka ba santsi ne ya ruɗe shi. Gaskiya da iska ta busa, gefen kaɗe bai ja ni ba ko kaɗan, gefen kitse ya ɗan ɗaure. Na faɗa mata haka, amma na ce ni dai na kitse na zaɓa, don abin da na ji lokacin da aska ke tafiya ba zan iya barin shi ba. In ya so in shafa ɗan man kaɗe bayan an gama. Ta ce ashe dai ƙarshenta sai na dawo gidanta. Wanzamin ya roƙi dunƙule ɗaya na kitse, ya ce zai adana wa angwaye, na ba shi da hannu biyu.

Muka kamo hanyar gida da yamma, hadari yana haɗuwa ta gabas. Na cire hula na ajiye, na sauke gilashi iska tana bugun kaina. Ban san ina yi ba, ashe hannuna ɗaya yana sama, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama.

Maiɗakina ta ce, "Maigida, don Allah ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Kan yana nan, ba inda za shi."