Bindigogi Goma na Tauno Bahago

Tauno Heikura ya shekara talatin yana rabon wasiƙu a ƙauyukan Kainuu, wani yanki mai dazuzzuka da tsananin sanyi, kuma duk tsawon lokacin shi ne sakataren ƙungiyar mafarautan ƙauyensu, don shi kaɗai ne ba ya tsoron cike fom. Yana ji da muƙamin nan kamar ransa. Bahago ne. Tun yana saurayi da bindigar masu hannun dama yake harbi, sai ya zagayo da hannu ta sama ya ja sakatarta, kwanson harsashi mai zafi ya gifta ta gaban hancinsa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. A Kainuu namiji ba ya ƙorafi, sai dai ya ƙara shiru a kan wanda ya saba.

Shekarar da ya yi ritaya ya ji labarin wani kamfani a Jamus mai ƙera bindigar farauta har da ta bahago, amma ba ya aiko da ƙasa da goma. Ya kawo wa 'yan ƙungiya maganar a ɗakin sauna, inda suke wankan tururi. Mutum tara suka zuba wa murhu ido. Aatos, tsohon direban motar katako, ya watsa ruwa a kan duwatsun murhun masu zafi ya ce, "To." Taro ya tashi ke nan, kowa zai sayi ɗaya.

Wata huɗu Tauno yana zarya: lasisin kowa daga 'yan sanda, izinin shigowa da kaya, sa hannu, hatimi. Matarsa Sirkka ta ce, "Kai mutumin nan, ko ranar aurenmu ba ka yi wannan rawar jikin ba."

A fom ɗin kamfanin akwai gurbi guda mai tambayar wane hannu. Bawan Allah, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Daɗi ya kwashe shi, ya rubuta hagu, bai lura cewa gurbin na bindigogin goma ne duka ba.

Kaya suka iso, kowa ya je wurin dillali a gari ya karɓi kwalinsa. Kowa ya buɗe a gida, ya jujjuya bindigar, ya mayar. Ba wanda ya ce uffan.

Aka buɗe farautar manyan bareyin yankin masu girman doki. Tauno yana harbi kamar an sake haihuwarsa, sauran kuwa mako uku sai sassaƙe itatuwa suke yi da harsashi. Ran nan ya waiga ya hangi Aatos yana zagayo da hannu ta saman bindiga, fuska a murtuke, kwanso ya gifta ta gaban hancinsa. Ya dubi na gaba, haka. Na gabansa ma haka. Kunya ta rufe Tauno, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Da aka zauna bakin wuta shan kofi, ya ajiye littafin ƙungiya a kan kututture.

"Na yi kuskure. Ku nemi wani sakataren. Amma don me ba wanda ya gaya mini?"

Aatos ya juya naman da yake gasawa.

"Ni na ɗauka haka Jamusawa suke ƙera ta," in ji wani daga gefe.

"Ƙarya yake yi, duk mun gane," in ji Aatos. "Shekara arba'in kana fama da bindiga irin tamu ta dama, tsoho, ko tari ba ka yi ba. Mako uku ne za mu zo maka da kuka? Ɗauke littafinka, a nan nake ajiye kofina."