Rifkatu, Mai Rufe Ƙofa a Yi Kuka

Kafin masu albasa su kai bakin gulbin Rima, Inna Rifkatu ta riga ta ɗora tukunyar ruwan zafi a bayan ƙaramin asibitinmu da ke gefen Goronyo. Shekara ashirin da shida ke nan tana gasa gaɓoɓin yara masu ciwon sikila da tsumma mai ɗumi. Kirista ce, mutuniyar Zuru, aiki ya kawo ta. 'Ya'yanta biyu wannan ciwo ya ɗauke, a nan ta bizne su, ba ta kuwa tattara kayanta ta koma gida ba. Watan gobe za ta aje aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun tana ji da kunnenta.

Bara waccan anka kawo Zakiyya daga Shinaka, yarinya 'yar shekara tara, ciwo ya murɗe ta. Uwarta Sauda ta zauna can bakin ƙofa, ta ba gadon baya. Zakiyya ɗiyar fari ce, kuma kun san halinmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa gaban mutane. Yarinya na kiran "Inna", uwa na kallon ƙasa. Likita kuwa ya riga ya gaya wa Rifkatu cewa kwanakin yarinyar ba su da yawa.

Rifkatu ba ta da wasa in ta tashi. Ta kori 'yan dubiya kaf, har da surukar Sauda, ta rufe ƙofa.

Nan Sauda ta fashe da kuka. "Inna Rifkatu, mi na yi ma Allah? Mi yarinyag ga ta yi?"

"Ɗiyata, ban sani ba, kuma ba ni yi maki ƙarya," in ji Rifkatu. "Ni ma na tambaye Shi, har sau biyu. Mu dai abin da munka riƙe, ciwo ba kullum horon zunubi ba ne. Almasihu da kansa ya sha azaba, ya yi hawaye a kabarin abokinsa. Dalilin ban samu ba, amma ban taɓa jin an bar ni ni kaɗai ba. To ke ma kada ki bar ta ita kaɗai. Tashi, babu mai ganinki."

Sauda ta hau gadon, ta ɗora kan ɗiyarta a cinya, ta ce, "Zakiyya."

Yarinya ta buɗe ido. "Inna, ashe kin san sunana?"

Kwana huɗu ta ƙara a duniya, duk a cinyar uwarta. Sauda da bakinta ta ba ni labarin nan, ta ce in rubuta, kada in rage komai.

Inna Rifkatu, ke ce ba ki taɓa ce wa mai kuka "yi haƙuri" ba sai ya gama kukansa. Ba ki nemi kowa ya bar addininsa ba, naki kuma ba ki ɓoye shi ba. Wallahi mun gode, mun gode ƙwarai. Allah Ya ba ki hutu da lafiya.

Mu kuma da za ki bari, in mun ga mai ciwo, mu rage yi masa bayanin dalili, mu matso kusa. Sauda dai ta riga mu: duk ranar kasuwa tana zuwa asibitin, ta nemi uwar da ke zaune bakin ƙofa, ta kama hannunta ta kai ta gadon ɗanta.