Koren Kati a Gwangwanin Gwaggo

"Wallahi Inna, ko ki mayar wa kowa abinsa, ko ni in bi gida-gida in raba."

Muryar Auta ce ta ratso bango daga ɗakin maƙwabta. Direba ya tsaya cak da takalmi ɗaya a ƙafa, don ya san zancen: katunan sashen ƙwaƙwalwa na asibiti ne da uwarta, Gwaggo mai shara, take ajiye wa mutane a gwangwanin madara. Nasa na ciki. Matarsa kuwa ga ta nan tana guga, kamar kunnenta ya tafi unguwa.

Shekara ashirin da uku Gwaggo tana sharar asibitin nan. Ba ta san bihim ba, amma dokokin wurin ta haddace su, tana goge ƙasa ma'aikata na faɗa. Ba kati, ba ganin likita. In ya ɓata, sai ɗan uwa ya zo ya sa hannu. Ga shi kowane sashe katinsa fari ne, na sashen ƙwaƙwalwa kaɗai kore shar, daga aljihu yake tona asiri. Shi ya sa da yawa ke yaga shi a hanya, su daina zuwa.

Direba ma ya yaga na farko, lokacin da barci ya ƙaurace masa, sitiyari ya koma ba shi tsoro. Gwaggo ta gan shi yana zarya a ƙofar asibiti kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai. Ta jingine tsintsiya, ta dangwala yatsa a matsayin gwaggonsa, ta ɗaura wa sabon katin jan zare, don da zare take gane na kowa. Duk ranar ganin likita ya karɓa a bayan tankin ruwa, in ya fito ya mayar. Da haka barci ya dawo, aiki bai kuɓuce ba.

"Ba tausayi ba ne," in ji Auta. "Daɗi kike ji manya na rusuna miki."

Direba ma ya taɓa yin wannan zargin, ranar da ya ga wani mai babbar mota ya cire mata hula.

Gwaggo ta ce, "Daɗi kam ina ji mana, 'yar nan. Wa ya ƙi gaisuwa? Amma da babanki ya samu mai ɓoye masa nasa, da bai daina zuwa ba, da yau shi ke miki tsawa ba ni ba."

Direba ya ji kunya ta rufe shi: shekara biyu tsohuwa na ɗauke masa kaya, har ana mata gori a ɗakinta. Ya zura ɗaya takalmin ya fita, ya yi sallama a ƙofarta.

"Gwaggo, Allah ya saka. Ba ni katina, yau zan nuna wa matata, ko me za ta ce."

Ta shiga ta fito da mai jan zare, ta dube shi sama da ƙasa, har da rigar da ke ƙamshin guga.

"Ungo, ɗan nan. Sai dai ka makara. Wa kake tsammani ke zuwa duk wata tana tambayata ranarka, don ta goge maka wannan rigar?"